Cinikin Na'urorin Wasan Bidiyo da Karkatar Masu Nazarin Kasuwa: Daga Wii zuwa Kasuwar Mont-Bouët

1.0 Gabatarwa

A shekarun 2005 da 2006 manyan kamfanoni uku, wato Microsoft na Amurka da Sony da Nintendo na Japan, suka fitar da sababbin na'urorin wasan bidiyo. Tun kafin kayan su gama sauka kasuwa, masu nazarin ciniki sun riga sun yi rabo. Sun ba Sony kaso mafi tsoka, Microsoft na biye da shi, Nintendo kuwa aka bar shi da ƙashi. Da aka ci kasuwa aka watse sai lissafi ya juye, domin na'urar da aka raina ita ce ta fi sauran shiga hannun jama'a.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda wannan kuskure ya auku da abin da ya jawo shi. Za a fara da fayyace kalmomin da za a yi amfani da su, sannan a kawo hasashen da aka yi da ainihin abin da ya faru. Daga nan za a duba dalilan da suka sa masu nazari suka karkata ga rukuni ɗaya na masu wasa, da kuma wuraren da suke da gaskiya. A ƙarshe za a dawo da batun gida, wato birnin Libreville, inda wannan karkata take sa a ɗauka kamar babu masu wasa sam. Batun ya shafi ɗalibin harshe, domin shi ma mai bincike ne, kuma tarkon da ya kama masu nazarin kasuwa yana iya kama shi.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Na'urar wasan bidiyo ƙaramar kwamfuta ce da aka ƙera musamman domin wasa. Iri biyu ce. Akwai ta gida wadda ake haɗawa da talabijin, kamar PlayStation da Xbox da Wii, akwai kuma ta hannu mai ɗauke da allonta, kamar Game Boy da Nintendo DS. A bakin matasan Kano da Zariya da Katsina kalmar aro ta “gem” ce ta fi yawo, shi ya sa ake cewa “buga gem”, shagon da ake biya a yi wasa kuma a kira shi “gidan gem”. Ɗalibi zai lura cewa aikatau “buga”, wanda ake amfani da shi ga ƙwallo da waya da ganga, shi ne harshen ya miƙa wa wannan baƙon abu.

Masu sana'ar sukan raba masu wasa gida biyu. Rukuni na farko su ne waɗanda wasan ya shiga jininsu. Suna shafe sa'o'i a kansa kullum, suna bin labarin kowace sabuwar na'ura, suna kuma musu kan wadda ta fi ƙarfi. A wannan takarda za a kira su “'yan gani-kashe-ni”, kalmar da Hausa ta saba amfani da ita ga mabiyin da ba ya ji ba ya gani. Ana iya ce musu “mayun wasa”, kamar yadda ake cewa mayen ƙwallo ko mayen shayi. Rukuni na biyu su ne masu taɓa wasa idan sun sami sarari, ko idan an taru ana raha, su ajiye ba tare da waiwaye ba. Waɗannan za a kira su “'yan jefi-jefi”.

Mai nazarin kasuwa kuwa shi ne ma'aikacin banki ko na kamfanin bincike wanda aikinsa tattara alƙaluman ciniki da yin hasashen abin da zai faru, domin masu zuba jari da dillalai su san inda za su sa kuɗinsu. Kalmar “karkata” a nan ba ta nufin ƙarya ko cin hanci. Tana nufin jingina ga ɓangare ɗaya ba tare da mutum ya sani ba, kamar ma'aunin da aka ɗora a ƙasa mai gangara.

3.0 Hasashe da Abin da Ya Faru

Microsoft ne ya riga fita da Xbox 360 a watan Nuwamba na 2005. Bayan shekara guda, a Nuwamba na 2006, Sony ya fitar da PlayStation 3, wadda aka sayar a Amurka kan dala 499 da dala 599, gwargwadon girman ma'ajiyarta. Kwana biyu bayan saukarta Amurka, ranar 19 ga Nuwamba, Nintendo ya fitar da Wii kan dala 250.

Ta fuskar ƙarfi ba a haɗa su. PlayStation 3 da Xbox 360 suna nuna hoto tangaran irin na sababbin talabijin, ta Sony ma tana karanta faifan Blu-ray. Wii ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kayan cikinta gyararren samfuri ne na GameCube, na'urar da Nintendo ya fitar tun 2001. Abin da ta zo da shi sabo shi ne abin riƙewa mai kama da rimot ɗin talabijin, wanda yake gane motsin hannu. Mai son buga tanis sai ya kaɗa hannu kamar yana riƙe da abin bugun, mai son dambe ya kai naushi.

A 2005 kamfanin bincike na Strategy Analytics ya yi hasashen cewa zuwa 2012 Sony zai sayar da PlayStation 3 fiye da miliyan 120 a duniya, Microsoft ya sayar da kusan miliyan 59, sabuwar na'urar Nintendo kuwa, wadda a lokacin ake kira Revolution, ta tsaya a wajen miliyan 18. A 2006 wani kamfanin, Yankee Group, ya yi nasa hasashen kan Arewacin Amurka zuwa 2011, inda ya ba Sony kashi 44 cikin ɗari, Microsoft kashi 40, Nintendo kashi 16.

Ga abin da ya faru. Zuwa ƙarshen 2012 an sayar da Wii fiye da miliyan 99, wato ninki biyar da ɗoriya na abin da aka yanka mata. PlayStation 3 da Xbox 360 kowacce ta haura miliyan 70, amma ba wadda ta kai 80. Da aka rufe littafi, jimillar Wii ta tsaya a miliyan 101.63, PlayStation 3 a wajen miliyan 87.4, Xbox 360 kuma fiye da miliyan 84. Wii Sports, wasan da ake haɗawa da na'urar a mafi yawan ƙasashe, ya kai kwafi miliyan 82.9. Wii Fit, wanda ya fito a ƙarshen 2007 tare da wani faranti da ake hawa ana motsa jiki, ya haura miliyan 22. Masu sayen sun haɗa da iyaye mata da tsofaffi da iyalan da ba su taɓa ajiye irin wannan na'ura a gida ba. Har gidajen kula da tsofaffi da wuraren gashin ƙashi a Amurka da Turai sun riƙa amfani da ita. Ganin haka, a 2010 Sony ya fitar da PlayStation Move, Microsoft ya fitar da Kinect, dukansu masu gane motsin jiki. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido.

Abin lura shi ne ba a rasa alamu ba tun da farko. A ƙarshen 2004 Nintendo DS da PSP ta Sony suka fito kusan tare, kuma PSP ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk da haka DS ce ta yi gaba, ta ƙare da miliyan 154.02, kusan ninki biyu na abokiyar hamayyarta. Wasannin da suka ja ta sun haɗa da Nintendogs, na kiwon ɗan kwikwiyo, da Brain Age, na lissafi da motsa ƙwaƙwalwa, wanda aka gina kan aikin Farfesa Ryuta Kawashima na Jami'ar Tohoku. Tun kafin wannan ma, Game Boy ta 1989, mai allo marar launi, ta kayar da Game Gear ta Sega da Lynx ta Atari, masu allo mai launi.

4.0 Dalilan Karkata

Tambayar da ta dace a yi ita ce, me ya sa mutane masu ilimi da alƙaluma a gabansu suka kasa ganin abin da ke tafe? Ana iya kawo dalilai huɗu.

4.1 Auna gobe da mudun jiya

Idan aka jera na'urorin gida na Nintendo za a ga kowacce ta gaza wadda ta gada. Ta 1983, wato Famicom ko NES, ta sayar da miliyan 61.91. Super Nintendo ta 1990 ta sayar da miliyan 49.10. Nintendo 64 ta 1996 ta sayar da miliyan 32.93, GameCube ta 2001 kuma miliyan 21.74. A ɗaya ɓangaren, PlayStation 2 ta 2000 tana kan hanyar zama na'urar da ba a taɓa sayar da kamarta ba, ta kuma ƙare da fiye da miliyan 160. Duk wanda ya ja layi ya bi wannan gangara zai faɗa ƙasa da cinikin GameCube. Ke nan hasashen bai fito daga iska ba. Matsalarsa ita ce ya ɗauka masu saye na gobe su ne dai masu saye na jiya. Shugaban Nintendo na lokacin, Satoru Iwata, wanda ya hau kujera a 2002, ya sha bayyana cewa manufar kamfanin ita ce faɗaɗa yawan masu wasa. Wanda bai taɓa saye ba kuwa ba ya cikin alƙaluman kowa, don haka babu layin da zai nuna shi.

4.2 Jin muryar mai ƙarfin murya

'Yan gani-kashe-ni ne ke sayen mujallun wasa, su ne suka riƙa cika bajekolin E3 da aka saba yi a Los Angeles, su ne ke kwana a layi ranar fitar da sabuwar na'ura. 'Yan jarida da masu nazari da kansu galibi daga cikinsu suka fito. Uwar da ta sayi Wii don ta yi wasa da 'ya'yanta ba ta rubuta wa mujalla wasiƙa, ba ta zuwa bajekoli, kuma idan aka tambaye ta ko ita mai wasan bidiyo ce tana iya cewa a'a. Saboda haka mai nazari yana jin ra'ayin mutane irinsa, yana ɗauka ra'ayin duniya ne. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

4.3 Ɗaukar ƙarfi a matsayin daraja

Ƙarfin na'ura abu ne mai sauƙin aunawa. Ana iya rubuta saurinta da girman ma'ajiyarta da yawan ɗigon hotonta a jadawali, a kwatanta. Sauƙin koyo da dariyar da ake yi idan kaka ta kayar da jikanta ba su shiga jadawali. Abin riƙewa na PlayStation yana da maɓallai fiye da goma da sanduna biyu da ake juyawa da manyan yatsu. Ga wanda ya tashi da shi wannan ba komai ba ne, amma ga baƙo katanga ce. Daɗin daɗawa, a 2006 mafi yawan gidaje, har a Amurka, ba su da talabijin ɗin da zai nuna bambancin hoton da ake tinƙaho da shi. Farfesa Clayton Christensen na Jami'ar Harvard ya yi bayanin irin wannan tun 1997. A ganinsa, manyan kamfanoni sukan ci gaba da inganta kaya domin gamsar da manyan abokan cinikinsu har kayan su wuce buƙatar yawancin mutane, sai wani ya shigo ta ƙasa da abu mai sauƙi da araha ya kwashe jama'a.

4.4 Raina nauyin farashi

Ɗan gani-kashe-ni yana iya tara kuɗi wata da watanni don ya mallaki abin da ransa ke so. Magidanci mai neman abin da zai faranta wa iyali rai ranar biki yana kwatanta kuɗin da sauran buƙatun gida. Tazarar da ke tsakanin dala 250 da dala 599 ita ce ke yanke masa hukunci. Mai nazarin da hankalinsa ke kan rukunin farko sai ya ga farashi ƙaramin cikas ne, alhali ga rukuni na biyu shi ne ƙofar shiga.

5.0 Inda Masu Nazari Suke da Gaskiya

Adalci ya sa a faɗi cewa damuwa da 'yan gani-kashe-ni tana da hujja. Sony da Microsoft sun saba sayar da na'ura a kan asara, su mayar da kuɗinsu daga kason da suke karɓa a kan kowane wasa da aka sayar. A Nuwamba na 2006 kamfanin iSuppli ya ƙiyasta cewa ƙera PlayStation 3 guda yana cin fiye da dala 800. A irin wannan tsari, mai sayen wasa goma sha biyar ya fi mai sayen biyu amfani ga kamfani. Sai dai Nintendo bai bi wannan tsari ba, yana cin riba a kan Wii tun daga farko. Har ila yau, zargin cewa masu Wii ba sa sayen wasanni bai tabbata ba, domin an sayar da wasanninta fiye da miliyan 920, wato kusan tara ga kowace na'ura.

Inda maganarsu ta fi ƙarfi shi ne batun ɗorewa. Cinikin Wii ya kai ƙololuwa a shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris na 2009, inda aka sayar da kusan miliyan 26, daga nan ya riƙa sauka. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris na 2012 Nintendo ya yi asara. Wii U, wadda ta gaje ta a Nuwamba na 2012, ba ta wuce miliyan 13.56 ba. Wasu suka ce ga shi nan, dama 'yan jefi-jefi ba su da amana.

Amma idan aka duba da kyau, mutanen ba su daina wasa ba, wuri suka sauya. Wayar salula ta zamani ta sa wasa a aljihun kowa, sau da yawa kyauta. Candy Crush Saga ya fito a 2012, kuma a 2016 Activision Blizzard ya kammala sayen King, kamfanin da ya yi shi, kan dala biliyan 5.9. A 'yan shekarun nan wasannin waya suna kawo kusan rabin kuɗin da masana'antar ke samu a duniya. Shi ma Nintendo ya farfaɗo da Switch ta 2017, wadda ake wasa da ita a hannu ko a talabijin, ta haura miliyan 150 duk da cewa ba ta kai takwarorinta ƙarfi ba. Abin da za a fahimta shi ne 'yan jefi-jefi ba su da biyayya ga sunan kamfani, amma sha'awarsu ga wasa tana nan.

6.0 Libreville: Masu Wasan da Ba a Ƙirga Ba

A Amurka da Turai karkatar ta sa an raina wani rukuni. A Afirka ta sa an tsallake nahiya kusan gaba ɗaya. Alƙaluman ciniki da ake dogara da su suna fitowa ne daga kamfanonin da ke ƙirga abin da aka sayar a shagunan wasu ƙasashe, kamar NPD a Amurka, wanda ya koma Circana a 2023, da Famitsu a Japan, da GfK a Turai. Shi kansa Nintendo yana raba rahotonsa gida huɗu: Japan, nahiyoyin Amurka, Turai, da “sauran wurare”. Afirka ba ta da gurbi nata.

Ƙidayar 2013 ta nuna Gabon tana da mutane wajen miliyan 1.8, kuma kusan 700,000 daga cikinsu suna Libreville. Duk wanda ya ratsa kasuwar Mont-Bouët, wadda ita ce mafi girma a ƙasar, inda Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma suka daɗe suna kasuwanci, zai ga na'urorin wasa sababbi da na gwanjo a shagunan kayan lantarki. To me ya sa ba a ganin su a lissafi?

Da farko akwai batun farashi. Sefar da ake kashewa a Gabon a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya daidai da sefa 655.957. Lokacin da PlayStation 3 ta sauka Faransa a Maris na 2007 an sayar da ita yuro 599, wato kusan sefa 393,000, kafin kuɗin dako da na kwastan. Wii kuwa yuro 249 ce, kusan sefa 163,000. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Gabon a 2006 sefa 80,000 ne a wata. Ke nan ta Sony ta kusan cinye albashin wata biyar, ita ma Wii da ake kira mai araha ta cinye na wata biyu. Araha a Paris tsada ce a Akébé.

Wannan ya haifar da hanyoyi uku da suke ɓoye mai wasa. Hanya ta farko ita ce shigo da kaya a jaka. Na'urar da ɗan kasuwa ko ɗalibi ya saya a Paris ko Dubai ya kawo Libreville, an riga an rubuta ta a cinikin Faransa ko na Daular Larabawa. Haka kuma, shekaru da dama Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar Afirka da ke cikin jerin ƙasashen shagon intanet na PlayStation, don haka mai wasa a nan yakan yi rajista da adireshin wata ƙasa. Hanya ta biyu ita ce gwanjo. Na'ura sau ɗaya ake ƙirga ta, ranar da ta bar shago tana sabuwa. Sony ya daina ƙera PlayStation 2 a farkon 2013, amma ta ci gaba da aiki a biranen Afirka shekaru bayan haka, sau da yawa da kwafaffun faifai waɗanda su ma ba sa shiga littafin kowa. Hanya ta uku ita ce tarayya. A gidan gem, ko a Libreville ko a Kano ko a Maraɗi, matasa suna biyan kuɗi kaɗan su buga wasan ƙwallo, musamman FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, da Pro Evolution Soccer, wanda ya koma eFootball a 2021. A ƙaddara na'ura ɗaya tana karɓar mutum ashirin a yini. A idon mai nazari wannan ciniki ɗaya ne, wanda aka yi a wata ƙasa, wataƙila shekara goma da ta wuce.

A nan rabon nan na gida biyu ma sai ya rushe. Yaron da ya san kowane salo na wasan ƙwallo, wanda ba a iya kayar da shi a unguwa, amma bai mallaki na'ura ba, ɗan wane rukuni ne? Ta fuskar ƙwarewa ɗan gani-kashe-ni ne, ta fuskar ciniki kuwa babu shi. Rabon ya haɗa abubuwa biyu da ba dole su tafi tare ba, wato son wasa da ikon saye. Gwanin dara a ƙasar Hausa, ko gwanin songo, wasan ramuka goma sha huɗu da ƙwayoyi saba'in da Fang suke yi a Gabon da Kamaru, ba a auna gwanintarsa da kuɗin da ya kashe.

Wannan rashin ƙirgawa yana da illa a zahiri. Kamfanin da bai ga masu saye ba ba ya buɗe wurin gyara, ba ya rage farashi, ba ya tunanin sa harsunan wurin a cikin wasa. Matashin da ke son ƙirƙirar wasa kuma yakan rasa mai ba shi jari, domin ba shi da alƙaluman da zai nuna. Duk da haka an fara motsi. An kafa Maliyo Games a Legas a 2012 domin wasannin waya. Kiro'o Games na Yaoundé, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da Aurion a 2016. A 2024 asusun zuba jari na Sony ya sa kuɗi a Carry1st, kamfanin wasannin waya mai cibiya a Cape Town. Abin lura shi ne waya ce ta fi jawo hankalin masu jari, domin ita tana barin sawun da ake iya ƙirgawa.

Ga ɗan kasuwa na Mont-Bouët ma akwai darasi. Abokin cinikin da ke zama a shago yana zuba bayani kan sabuwar na'ura ba lallai ne ya zama shi ke riƙe da shagon ba. Mai shago da ya zuba jarinsa duka a kaya masu tsada saboda surutun mutum biyar, ya manta da iyaye masu neman ta gwanjo mai lafiya da masu gidan gem masu neman abin riƙewa da wayoyin haɗi, ya maimaita kuskuren 2005 a ƙaramin mudu.

7.0 Darasi ga Ɗalibin Harshe

Irin wannan karkata ba baƙuwa ba ce a fagen nazarin Hausa. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta matasa, da yawansu mata, suka riƙa buga ƙananan littattafai da kuɗinsu suna sayarwa a kasuwa. Wasu masana sun raina su, aka laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, kuma an yi doguwar muhawara a jaridu a shekarun 1990, inda Ibrahim Malumfashi ya yi suka, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka game da ingancin rubutun, ba a musun cewa littattafan sun sami ɗimbin makaranta, musamman matan aure a cikin gidaje, waɗanda ba sa halartar tarukan ƙara wa juna sani. Haka fim ɗin Hausa na bidiyo, wanda aka saba danganta farkonsa da Turmin Danya na 1990, ya bunƙasa a ɗakunan mutanen da ba a tambayi ra'ayinsu ba.

Ɗalibin da zai yi bincike kan Hausar Libreville yana fuskantar wannan jarrabawa. Zai fi masa sauƙi ya zauna da dattijo ko malami mai fasahar magana, ya cika littafinsa da karin magana. Amma Hausar da ke yawo a birnin ta haɗa da ta mai sayar da tsire, da ta yaran da aka haifa a nan masu gauraya ta da Faransanci, da ta Bazabarme ko Bafulatanin da yake ciniki da ita. Idan aka bar waɗannan, abin da za a bayyana Hausar mutum kaɗan ce. Saboda haka kafin a amince da kowane adadi ko sakamakon bincike, ya kamata a tambaya: wa aka ƙirga, wa ya yi ƙirgar, kuma wa aka bari a waje?

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa masu nazarin kasuwa sun yanka wa Wii miliyan 18, ta kuma haura miliyan 100, saboda sun auna kasuwa da buƙatun 'yan gani-kashe-ni. An ga cewa suna da hujja ta fuskar tsarin riba da ɗorewar ciniki, amma mutanen da suka raina su ne suka koma waya suka riƙe kusan rabin kasuwar. An kuma ga cewa a Libreville shigo da kaya a jaka da gwanjo da tarayya suna sa masu wasa ba sa bayyana a alƙaluma. Adadin da aka buga yana iya zama daidai, amma amfaninsa ya tsaya iyakar mutanen da aka ƙirga.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Bayyana bambancin “ɗan gani-kashe-ni” da “ɗan jefi-jefi”, sannan ka yi amfani da kowanne a jimla biyu da ba su shafi wasa ba.

2. Kawo ma'anoni biyar na aikatau “buga” tare da misalai.

3. Wane dalili ne daga cikin huɗun da aka kawo a kashi na 4.0 ya fi gamsar da kai? Kafa hujja da alƙaluman da ke cikin takardar.

4. Ziyarci gidan gem ko shagon kayan lantarki a unguwarku, ka tattara kalmomin aro goma da ake amfani da su, ka nuna harshen da kowacce ta fito da yadda aka sarrafa furucinta.

5. Rubuta shafi ɗaya kan wani rukuni na masu magana da Hausa da kake ganin masu bincike sun yi watsi da shi.